Wahala Daban, Wasa Daban

Akwai wata magana da duk ɗan ajin jarrabawa a garin nan ya haddace, ko da bai haddace darasi ko ɗaya ba. Da an koma lakwal a watan Oktoba, tun ba a gama raba littattafai ba, za ka ji ta daga bakin baba, ko yaya, ko mushe: "Bana fa babu wasa." Ɗan turwaziyem mai jiran BEPC ya ji ta, ɗan tarminal mai jiran BAC ya ji ta. Masu faɗinta masoyanmu ne, so suke mu ci. Mu kanmu muna faɗa wa juna ita. To amma, ƴan'uwana ɗalibai, ina so mu tsaya kan maganar nan mu juya ta. Wasan da ake cewa mu ajiye, da gaske abokin gaban karatu ne? In kuma mun ajiye shi, mi muka ajiye tare da shi ba mu sani ba?

Bari mu fara leƙa ƙasar da ta ɗauki "babu wasa" ta kai ta ƙarshe, wato Koriya ta Kudu. Can ɗalibi in ya tashi daga makaranta, sau da yawa wata makarantar kuɗi yake wucewa, wadda suke kira hagwon, ya ci gaba da karatu har dare. Abin ya kai hukumar birnin Seul ta kafa doka a rufe waɗannan makarantu da ƙarfe 10 na dare, don yara su samu su kwanta. Babbar jarrabawarsu ta shiga jami'a rana ɗaya ake yinta cikin watan Nuwamba, kuma a ranar har jiragen sama ake hana sauka da tashi na ɗan lokaci, kada ƙararsu ta dami masu sauraron gwajin Ingilishi. Babu mai cewa mutanen nan ba su riƙe ilimi da daraja ba. Ƙasar da yaƙi ya ragargaza tsakanin 1950 da 1953, yau ita ke ƙera salular Samsung da ke aljihun wasunmu.

Ga abin da ya zo tare da wannan nasara. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani bincike kan ɗalibai miliyan 1 da dubu 600, masu shekara 11 zuwa 17, a ƙasashe 146. Ma'aunin da aka yi amfani da shi mai sauƙi ne: matashi yana samun aƙalla sa'a ɗaya a rana ta motsa jiki, irin wanda ke sa numfashi ya hau? A duniya baki ɗaya, kashi 81 cikin 100 ba su cika wannan ma'auni ba. A Koriya ta Kudu kashi 94 ne, babu ƙasar da ta kai ta, kuma ƴan matansu sun kai kashi 97. Su kansu sun daɗe da ganin matsalar. A 2012, da cin zali tsakanin ɗalibai ya ishe su, cikin matakan da gwamnatinsu ta ɗauka har da ƙara sa'o'in wasanni a kolej da shigar da ƙungiyoyin wasa cikin tsarin karatu. Ku lura da wannan da kyau. Yara ne suka kasa zama da juna lafiya, sai aka nemo masu magani a filin wasa.

Na san abin da wani zai ce, don an sha faɗa mani shi a fada. "Kai malam, mi ya haɗa mu da Koriya? Mu nan motsa jiki ne ya yi mamu yawa!" Maganar tana da nauyi. Ɗalibin da ke takowa a ƙasa daga ƙauye zuwa Baleyara kullum safiya, ya koma da rana tsaka, ba za a ce mashi bai motsa ba. Da damina muna gona, daga shuka zuwa noma zuwa girbin hatsi da ɗaurin damma. Da rani wasu na garka cikin dallol suna jan ruwa. Ran Lahadi kuwa, wanda ya taɓa kora dabbobi zuwa kara, ko ya yi dako a kasuwar garin nan daga hantsi zuwa la'asar, ya san jikinsa ya biya bashin mako guda. Yaron Kurfai ba kan kujera ya girma ba. To ina ruwanmu da wa'azin motsa jiki?

Amsar tana da rassa biyu, na jiki da na hali, kuma na biyun ya fi damuna.

Ta fannin jiki, mai wannan magana yana da rabin gaskiya. Jini bai san bambancin gudu a fili da sauri a hanyar lakwal ba. Da zarar zuciya ta ƙara bugawa, jini ya ƙara isa ƙwaƙwalwa, mutum ya wartsake. A 2009 wani masani mai suna Charles Hillman da abokan aikinsa a jami'ar Illinois ta Amurka sun sa yara ƴan wajen shekara 9 zuwa 10 tafiya ta minti 20, sannan suka gwada su. Yaran sun fi tsayar da hankali, sun kuma fi yin kyau a gwajin karatu, fiye da ranar da suka zauna kawai kafin gwajin. Tafiyar minti 20 fa, ba wani abu ba. A makarantun Finlan ma al'ada ce bayan darasin minti 45 a saki yara waje na minti 15. Saboda haka takawarmu zuwa lakwal tana da lada a aji.

Sai dai komai da iyakarsa. Wanda ya tako kilomita da yawa da cikin da babu ko kunu, a watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, in ya zauna a ajin zana barci zai yi, ko mushe na rawa a gaban allo. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Motsin da ke wartsakar da hankali shi ne wanda jiki ke iya ɗauka ya huta bayansa. Wanda ya wuce haka sunansa gajiya, kuma gajiya ba ta taɓa taimakon lissafi ba.

Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba dukanmu ke cikin wannan wahala ba. Akwai wani sabon zama da ya shigo mana. Ɗan ajin jarrabawa a cikin gari, wanda aka ɗauke wa aikin gida don ya yi karatu, yaya yininsa yake? Zaune a aji, zaune a wurin darasin yamma, zaune a fada ana jiran shayi na ɗaya da na biyu da na uku, kai sunkuye kan salula. Ran da Real Madrid ke wasa da Barcelona ya sake zama na sa'a biyu a gidan kallo, ya fito murya ta dishe, yana ji kamar shi ya buga. Wannan ɗan'uwa namu ya zama ɗan Koriya a zaune, sai dai shi babu hagwon. Kuma shi ne za ka ji yana kukan wai in ya buɗe littafi layi uku kawai yake karantawa hankalinsa ya tashi.

Yanzu ga reshe na biyu. Ko da wahalar gona da jan ruwa sun cika sa'a ɗayar da likitoci ke nema, akwai abin da ba su ba mu, wanda sai a wasa ake samunsa.

Ka tuna yadda kake in kana noma. Hannu na aiki, hankali na Yamai. Kana iya gama kuyya goma ba ka san ka yi ba, don aikin bai buƙatar ka kasance a wurin gaba ɗaya. Haka a aji, sau da yawa abin da ke riƙe hankalinmu daga waje yake zuwa: tsoron mushe, tsoron sifiri, tsoron idon baba ran da aka kawo sakamako. Da mai tsaron ya juya baya, hankali ya tsere kamar akuyar da ta tsinke igiya. Yanzu ka tuna yadda kake a wasan langa. Ƙafa ɗaya a hannu, ɗaya na tsalle, ido kan wanda ke zuwa ya ture ka, wani idon kan ruwanku ko ya kusa sha. Babu wanda ya tilasta ka, babu bulala, amma ko ƙiftawa ba ka yi. Ƴar da ke carafke, in ta jefa dutse sama, tsakanin tashinsa da saukowarsa duniya duk ta ɓace mata. Ɗan kokowa da ya kama abokin karawarsa yana sauraron inda nauyin jikinsa ya karkata, in hankalinsa ya gusa daƙiƙa ɗaya sai ƙasa.

Wannan shi ne tsayar da hankali na ganin dama, wanda kai ka ba da shi da kanka. Kuma shi ake buƙata ran jarrabawa, lokacin da aka aje maka takardar lissafi babu mai taimakonka, ko daren da kake bita kai kaɗai da fitila kowa ya yi barci. Wanda bai taɓa ɗanɗana yadda ake nutsewa cikin abu don son ransa ba, da wuya ya iya kiran wannan nutsuwa ranar da ya neme ta. Ni a ganina wasa ne makarantar farko ta wannan fanni, kuma mun shige ta tun ba mu san baƙi ba.

Haka abin yake wajen zama da mutane. A gida akwai na gaba da na baya: baba ya faɗa, ka yi. A aji mushe ya faɗa, ka rubuta. Wannan tarbiyya ce mai kyau, tana koya mana biyayya. Amma ina muke koyon zama da tsaranmu, waɗanda ba su da iko da mu, mu ma ba mu da iko da su? Dubi ƙwallon unguwa. Babu alƙali, babu raga, duwatsu biyu ne gola. Ƙwallo ta wuce, waɗannan su ce ta shiga, waɗancan su ce sama ta bi. A yi ta hayaniya, wani ya rantse, wani ya yi fushi ya ɗauki takalmansa. Daga ƙarshe dole a daidaita, don in ba a daidaita ba wasa ya mutu, kowa ya yi asara. Yaro ɗan shekara 13 ya koyi a nan cewa doka ba ta tsayawa sai kowa ya yarda ta hau kansa, har ranar da ba ta yi mashi daɗi ba. Ya koyi ba da ƙwallo ga wanda suka yi faɗa jiya, don shi ke wurin da ya dace. Wane darasin tarbiyyar ɗan ƙasa ne zai shigar da wannan a ƙwaƙwalwa kamar yadda fili ke shigar da shi?

Akwai kuma koyon faɗuwa. Tun 1975 da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya zama sarki na farko, ƙasar nan ke tsayawa cik in lokacin ya zo. Jihohi 8, kowace da ƴan kokowa 10, su 80 ke nan, takobi kuma ɗaya. Ma'ana mutum 79 za su koma gida babu shi, wasunsu an kayar da su gaban dubban jama'a da kyamarar talabijin. Abin da ke burge ni ba kayen ba ne kaɗai. Ka ga ƙato ya sha ƙasa, ya tashi ya kaɗe rairayi, su rungumi juna da wanda ya kayar da shi, baɗi kuma ya dawo. Mu kuwa kowace shekara in aka kira sakamakon BEPC, akwai abokanmu da ba su ji sunansu ba, wasu daga ranar ba su sake taka lakwal ba, kunya ta hana su ko fita ƙofar gida. Wanda ya saba faɗuwa a fili da yamma ya dawo gobe, yana da wani abu a ransa da zai tallafe shi a wannan rana.

Garinmu ma yana da wata buƙata ta musamman. Baleyara mahaɗa ce. A kasuwa ɗaya za ka ji Zabarmanci, ka ji Hausa, ka ji Buzanci, ka ji Fulatanci. A ƴan shekarun nan kuma rashin tsaro ya rufe makarantu da yawa a jihar Tilaberi, ya taso iyalai daga garuruwansu. Wasu yaran suna zaune tare da mu a aji, shiru, ba su san kowa ba, kuma Allah kaɗai ya san abin da idonsu ya gani. Cikin aji baƙo yana iya yin wata uku babu wanda ya san muryarsa. A fili kuwa, ran farko da aka rasa mutum ɗaya aka ce "kai, zo ka tsaya mana baya", ya shiga cikin mutane. Ba a tambayarsa yarensa kafin a miƙa mashi ƙwallo. Zuwa mako guda ya samu sunan tsokana, wanda ya samu sunan tsokana kuwa ya zama ɗan gari.

Idan duk wannan gaskiya ne, to wata tambaya mai nauyi ta taso, kuma mu maza ya kamata mu fi jin nauyinta. Wa aka fi hana wasa a garin nan? Ƴan'uwanmu mata. Su ne suka fi kowa wahalar jiki: daka, jan ruwa, itace, wanki, raino, talla ran kasuwa. In sa'a ɗaya ake nema, sun ninka ta. Amma da yarinya ta fara girma sai a ce ta wuce wasa, alhali wanta da ya girme ta da shekara uku yana fili har magariba. Iyayenmu mata suna ba mu labarin dandali da farin wata, da gaɗa, inda yarinya ke sakin jikinta ta faɗa baya ƙawayenta su tare ta su cilla ta sama. Ku duba darasin da ke cikin wannan: ki yarda da mutane har ki faɗa hannunsu ba ki waiwaya ba, ke ma in layi ya zo kanki kada ki saki ƴar'uwarki. Dandalin yana ja da baya, kuma ba mu kawo wani abu a madadinsa ba. Sannan ran gwajin wasanni na BEPC a jera su a ce su yi gudu a ba su maki, su da duk shekara babu wanda ya ba su fili ko lokaci. Binciken da na ambata ya nuna matsalar ta duniya ce, mata kashi 85, maza kashi 78. Amma kasancewarta ta duniya ba ta wanke mu ba. In wasa na gina hankali da iya zama da jama'a, to wanda aka hana shi an rage mashi wani abu daga iliminsa, ko da an biya mashi kuɗin littafi.

Ban ce tsoron iyayenmu na banza ba ne. Kowa ya san wanda ƙwallo ta cinye, ya bar aji yana mafarkin Turai, yau babu karatun babu ƙwallon. Sun ga irin wannan, shi ya sa suke cewa babu wasa. Mu dubi lissafin da idon basira. Tun da Nijar ta fara zuwa wasannin Olimpik lambobi biyu ta samo: tagullar Issaka Dabore a dambe a 1972, da azurfar Abdul Razak Issufu Alfaga a taikwondo a Riyo a 2016. Alfaga ya kuma zama zakaran duniya a 2017, a garin Muju na Koriya ta Kudu, ƙasar da ta haifi wasan. Abin alfahari ne, amma mutum biyu ne cikin miliyoyi. Wanda ya jingina rayuwarsa kan zama na uku caca yake yi. Wasan da nake karewa shi ne na sa'a ɗaya bayan la'asar, wanda za ka dawo daga shi ka yi wanka, ka ci tuwo, ka buɗe littafi da kai sakayau, ka kuma yi barci mai nauyi. Matashi na buƙatar barcin sa'a 8 zuwa 10, kuma jikin da ya yi gudu ya fi wanda ya sha shayi uku saurin samunsa.

To mi za mu yi, mu da ba mu da kuɗi ba mu da iko? Abubuwan da ke hannunmu sun fi yadda muke zato. Ƙungiyar bita da ke zama sa'a uku a jere tana iya tsayawa a tsakiya, a tashi a zagaya unguwa ana yi wa juna tambayoyin tarihi. Fadar da ke da kuɗin shayi da sukari kullum tana iya haɗa kuɗin ƙwallo ɗaya. In lokacin zafi ya zo a mai da wasan sanyin safiya ko dab da magariba. Inda aka saba cinye sa'ar wasanni da darasin lissafi in jarrabawa ta matso, wakilan aji suna iya zuwa cikin ladabi su roƙi a bar mana ita, su faɗi dalili. Ƴan mata suna iya neman a keɓe masu filin lakwal rana ɗaya ko biyu a mako, tare da wata malama, yadda iyaye za su natsu. Kai kuma ɗan'uwa mai ƙanwa a kolej, in ka ɗauki bidon biyu ka je famfo kafin ka tafi fili, ka saya mata rabin sa'a ke nan. Dattawanmu da suka yi zamanin samariya, lokacin Janar Seyni Kunce, suna faɗin yadda matasa ke fitowa aikin gayya su yi wa gari abin da yake buƙata da hannunsu. Share fili ɗaya da kafa sanduna huɗu bai fi ƙarfinmu ba.

Saura magana da iyaye, wadda ita ce mai wuya. Gardama ba za ta yi ba, sai alƙawari da cikawa. Ka ce: "Baba, a ba ni daga la'asar zuwa magariba, in an kira salla ina gida, in makina ya sauka a wannan zango ni da kaina zan bari." Sannan ka cika. In ka wuce lokaci sau ɗaya ka ba masu cewa babu wasa hujja, ka kuma ja wa ƙannenka. Tsayawa kan lokacin da kai ka yanka wa kanka, alhali wasa ya yi daɗi ana cewa a ƙara minti biyar, shi ma wani horo ne da zai yi maka rana a ɗakin jarrabawa.

Wanda ya karanta wannan bai yarda ba, ina roƙonsa abu ɗaya kafin ya rubuto raddi a fitowa ta gaba. Ya gwada mako biyu: sa'a ɗaya a fili, salula a gida, sannan bita da dare. Ya lura da layi nawa yake iya karantawa kafin hankalinsa ya tashi, da kuma mutum nawa ya gaisa da su waɗanda da can sai dai su wuce juna. Abin da ya gani ya rubuto mana, ko ya goyi bayana ko ya kayar da ni. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa baki ɗaya.